Bas na bugawa, tuwita na rawar murya: tambaya kan lasifika mai cibiya ɗaya

Mai Sono Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa masana. Tambayata a kan lasifikar nan ce mai cibiya ɗaya, wadda ake kira koksiyal, wato wufa mai ba da bas da tuwita mai ba da siririn sauti a jiki guda, sautin tuwitar na fitowa ta tsakiyar wufar. Akwatuna biyu ne, inci 12, om 8, masu ramin iska a gaba. Tuwitar mai matsi ce, tana ɗaure a bayan maganaɗisu, ba ta da ƙahonta daban, takardar wufar ce ke zame mata ƙaho. Filta mai raba sauti tsakanin wufa da tuwita na cikin akwati, ampuli ɗaya ke jan su duka, babu sab, wato akwatin bas na daban.

In murya ce kaɗai, ko algaita kaɗai, sauti fes, babu abin cewa. Da zarar bas ɗin piyano ko ganga ta shigo da ƙarfi, sai siririn sautin ya fara rawa. Harafin "s" da "sh" su yi kaushi, algaita ta riƙa gargada kamar ana busa ta a bayan fanka. A rage bas, komai ya koma daidai. An sauya mambaran tuwita ɗaya, wato ɗan faifan da ke kaɗawa a cikinta, da sabo, abin bai canza ba.

Shin laifin filta ne, ko haka halin irin wannan lasifikar yake? Kuma akwai gyara ba tare da sayen sababbin akwatuna ba? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Zango ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Tuwitarka lafiyarta lau, shi ya sa sabon mambaran bai yi maka komai ba.

Cire ragar gaba, ka haska tocila cikin maƙogwaron lasifikar. Za ka ga bututun ƙarfe ya ratso tsakiyar maganaɗisu, bakinsa ya ƙare daidai inda wuyan takarda ya fara. Bututun a kafe yake, takarda kuwa kai-komo take yi. Sautin tuwita na fitowa daga bututun ya hau jikin takardar, ita ce ke shimfiɗa masa hanya har ya fita fili. Lokacin da take zaune, bakin bututu da wuyanta sun haɗu sumul. Ta yi gaba milimita 4, sauti ya tarar da matakala a gabansa. Ta koma baya milimita 4, bakin bututun ya tsaya shi kaɗai da kaifinsa, sauti ya karye a kansa ya watse, wani ya bugi takarda ya dawo a makare. Ƙahon tuwitarka kenan yake sauya siffa a kowane bugun bas.

Wani zai ce milimita 4 ai ba komai ba ne. Ga bas, haka ne. A zafin Damagaram na digiri 35 zuwa 40, sauti na cin mita 350 zuwa 355 a daƙiƙa. Igiyar sauti ta 500 Hz, wato mai kaɗawa sau 500 a daƙiƙa, tsawonta santimita 70, ba ta ma san an yi matakalar ba. Igiyar 10 kHz kuwa santimita 3 da rabi ce kacal. Milimita 4 gaba da 4 baya sun zama 8, kusan rubu'in tsawonta kenan, kuma rubu'in igiya ya isa ya sa sautin da ya dawo ya ƙara wa na asali ƙarfi ko ya rage masa. Saboda haka ƙarfin tuwita yake hawa da sauka da takun bas ɗin. Bas na 60 Hz zai kaɗa shi sau 60 a daƙiƙa. Kunne ba ya iya ƙirga wannan. In kaɗawar ta gaza sau 20 a daƙiƙa, rawa ake ji; in ta kai wajen sau 70, nan kaushi ya fi tsanani, kuma nan ne bas ɗin biki yake zaune. Misalin fankar da ka kawo daidai yake, abin da ke faruwa kenan.

In ka auna, za ka ga sautukan da ba ka saka ba. Ka ba wufa 60 Hz, ka ba tuwita 7000 Hz, sai ƴan gefe, wato 6940 da 7060, su tsiro a gefenta, in abin ya yi yawa har da 6880 da 7120. Waɗannan ba su da dangantaka da muryar mawaƙi ko ta algaita, shi ya sa suka fi damun kunne a kan sauran gurɓatar sauti.

To maganar duka ta koma kan nisan tafiyar takarda, kuma a nan lissafi ba ya sassauci. Don fitar da ƙarfi iri ɗaya, duk lokacin da ka raba kaɗawa biyu, tafiyar takarda na ninkawa huɗu. Takardar inci 12 faɗin fuskarta wajen santimita murabba'i 530 ne. A rufaffen akwati da ke zaune a ƙasa, don ta ba ka ƙarfin sauti 110 dB a nisan mita ɗaya: a 200 Hz rabin milimita da ɗoriya take tafiya kowane ɓangare, a 100 Hz milimita 2 da ɗoriya, a 50 Hz kusan milimita 9. Yawancin koksiyal na inci 12 ba su da wannan taran, bobin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke tura takarda, zai fara barin ramin maganaɗisu tun kafin nan.

Naka mai ramin iska ne, to akwai ƙari. Ramin yana ɗauke wa takarda aiki a daidai kaɗawar da aka saita shi, a nan kusan tsayawa take yi cak. Amma ƙasa da wannan, iskar akwatin ta daina tokare ta, sai ta riƙa lilo kamar ba a cikin akwati take ba, kuma lilon banza ne, ba ya fitar da sautin kirki. Mutum ya ɗaga 40 Hz a ikwalaiza alhali akwatinsa a 65 aka saita shi, bas bai ƙaru ba, tuwita ce kawai ya ɓata.

Masu ƙera ta sun san da wannan tun da daɗewa. Altec 604 ta 1944 an ba tuwitarta ƙaho nata a kafe a tsakiya, motsin takarda bai cika taɓa ta ba, sai dai ƙahon yana tare wa takardar gaba, sautin tsakiya ya samu tawaya. Tannoy a 1947 suka bi ɗaya hanyar, takarda ta zama ƙaho, irin taka kenan: watsuwar sauti ta fi daidaito, amma ga abin da kake ji. KEF a 1988 suka dasa ƙaramar tuwita a gindin takardar, ita ma takarda ce bangonta. Duba manyan samfuran KEF da Genelec da TAD na yanzu, za ka ga sun raba aikin uku, koksiyal ɗin ba ta karɓar abin da ke ƙasa da wajen 250 zuwa 500 Hz, bas yana wata wufa daban. A 400 Hz tafiyar takarda kashi ɗaya cikin 64 ce na abin da za ta yi a 50 Hz. Ba ado ba ne, maganin wannan ciwon ne.

Kai ma hanyarka kenan: a ɗauke mata bas.

Malamin Fizik ya rubuta:

Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai kada Malam ya yanke hukunci tukuna, don abubuwa uku ne ke ba da wannan kaushin, kuma a kunne kamanninsu ɗaya.

Na farko shi ne wanda aka bayyana. Na biyu shi ne abin da ake kira Doppler, wanda mutane da yawa ke ɗora wa tuwita bisa kuskure. Tuwitar nan ba ta motsi, a kafe take da maganaɗisu. Wanda Doppler ke kamawa kai tsaye shi ne sautin da takardar kanta take fitarwa. A lasifikar inci 12 filta kan miƙa aiki ga tuwita a wajen 1200 zuwa 1800 Hz, to duk abin da ke ƙasa da haka, har da tsakiyar muryar mutum, daga jikin takardar da ke kai-komo yake fita. Ta taho wajenka, sautin ya ɗan hau. Ta koma, ya ɗan sauka, kamar odar babur da ya wuce ka a guje. Tun 1943 Beers da Belar suka yi lissafinsa. Ga shi a sauƙaƙe: ninka tafiyar takarda ta ɓangare ɗaya da 3.14, ka raba da tsawon igiyar, abin da ya fita shi ne girman kowane ɗan gefe. 1500 Hz igiyarta santimita 23 ce. Tafiyar milimita 3 za ta ba ka kashi 4 cikin 100, wato 28 dB ƙasa da sautin asali. Ka mayar da tafiyar kashi uku cikin huɗu na milimita, ya koma kashi 1 cikin 100, 40 dB ƙasa. Wannan yana samun kowace lasifika mai hanya biyu, ko koksiyal ce ko ba ita ba.

Na uku, wanda a ganina ya kamata a fara tuhuma a garin nan, ampuli ne. In bas ya ƙure shi, a ƙololuwar kowane bugu ba sauran wurin da siririn sauti zai hau, sai a datse shi. Ampuli mai taransifoma ƙarfinsa kan ragu kusan ninki biyu na raguwar wutar da ke shiga masa: bolt 220 ta faɗi zuwa 190, rubu'in ƙarfinsa ya tafi. Ƙaramin gurup, wato janareto, da doguwar siririyar waya a filin biki sun isa su jawo haka, kuma a daidai lokacin da bas ya buga ne wutar ke durƙushewa.

Ga yadda za a raba su. Ana buƙatar kwamfuta da manhajar awon sauti ta REW, kyauta ce, da mikro na awo irin ECM8000 ko UMIK-1. Mikron salula ba zai yi ba, shi kansa yana gurɓata sauti in ƙara ta yi yawa.

A fara da gano inda aka saita ramin iska. Ɗiga alli a jikin takarda, ka saki sauti ɗaya daga 100 Hz kana saukowa a hankali zuwa 40. Inda ɗigon ya fi natsuwa, nan ne. Kada a zuba gero ko shinkafa a kan takarda kamar yadda ake yi wa wufa mai hula, a koksiyal maƙogwaro za su gangara. Ɗigon nan kuma shi ne ma'auninka: kalle shi daga gefe da rula a kusa, zai miƙe ya zama layi, rabin tsawon layin shi ne tafiyar ɓangare ɗaya.

Sai ka zaɓi bas na gwaji da ya kauce wa wurin natsuwar, ya kuma kauce wa 50 da 100 Hz. Dalili: wutar gari 50 Hz ce, in manyan kwandansatocin ampuli sun gaji, ƴan gefe kan fito a tazarar 100 Hz ko da me ka saka, kada su rikita maka awo. In akwatin a 60 ko 65 yake, ɗauki 85.

Gwajin farko, akwati yadda yake: 85 Hz da 7 kHz tare, bas ya ninka siririn huɗu, mikro a mita ɗaya. Dubi tsawon ƴan gefen, sannan ka rage ƙara da 6 dB. In na motsin takarda ne, tazararsu da sautin asali za ta ƙaru da wajen 6 dB ita ma, sannu a hankali. In na ƙurewar ampuli ne, ɓacewa za su yi gaba ɗaya.

Gwaji na biyu shi ne mai raba gardama. Cire filta daga hanya. Wufa a tashar hagu ta ampuli, tuwita a ta dama, da kwandansata 22 µF a jere da ita don kare ta daga bugun kunna ampuli. Tuwita mai matsi kan ba da sama da 105 dB da wat ɗaya, saboda haka rabin bolt ya wadatar, kuma a toshe kunne. Mita mai araha ba ta karanta 7 kHz daidai, to saita rabin bolt ɗin a 400 Hz tuwita na cire, sannan ka mayar da sautin 7 kHz ka jona ta. Yanzu duk ɗan gefen da ya fito, daga jikin lasifikar ya fito. Sauya siririn zuwa 4, 6, 9, 12 kHz ka gani. Na siffar ƙaho ba ya bin tsari, zai yi muni a wani wuri ya lafa a wani. Doppler kuwa yana hawa a miƙe yadda kaɗawa ke hawa, kuma yana raguwa in ka kai mikro gefe.

Wanda ke son ganin abin a tsaye, ya tura takardar da batir. Cire wayoyin wufa daga filta da ampuli gaba ɗaya, wannan wajibi ne, batir bai haɗuwa da bakin ampuli. Bolt 6 a bobin om 8 wajen amfiya ɗaya ce, ba za ta ƙona shi a ƴan daƙiƙu ba, kuma takan ture takarda milimita 2 ko 3. Auna tuwita daga 1 zuwa 16 kHz takarda na gaba, juya wayar batir, auna tana baya, ka ɗora layukan biyu a kan juna. Inda suka rabu da 2 dB, wato 1 sama 1 ƙasa, ƙarfin tuwita na lilo da kashi 12 cikin 100 a wurin, ƴan gefensa 24 dB ƙasa. Wannan ya fi Doppler ɗin da muka lissafa, kuma a inda kunne ke jin kaushi sosai.

Mai Sono Garin Malam ya rubuta:

Na gode Injiniya, na gode Malam, Allah ya ƙara sani. An yi gwajin alli, ɗigon ya natsu a wajen 65 Hz. Jar fitilar ampuli ba ta kamawa sai jefi-jefi. Amma ga wani abu: akwati ɗaya ya fi ɗan'uwansa kaushi nesa ba kusa ba, kuma shi ne wanda aka taɓa sauya wa takarda da bobin. Da aka haska, wuyan takardarsa ya ɗan nutse ƙasa da bakin bututun ko da babu sauti, kuma an manna masa hula a tsakiya, ɗayan kuwa ƙyalle ne baƙi shara-shara. Wannan na da tasiri?

Baban Gyara na Kasuwar Dole ya rubuta:

Ƙanena, ai ka gano rabin ciwon da idonka.

Hular nan a fara da ita. Wufa ta gama-gari ana rufe mata tsakiya da hular takarda mai kauri, ba laifi. Koksiyal kuwa ta nan tuwita ke numfashi. Ƙyallen shara-shara da ka gani a ɗayan shi ne na asali, yana tare ƙura ya bar sauti ya wuce. Hular takarda na toshe siririn sauti, kuma tunda a jikin takardar take manne, bango ne ke kai-komo a gaban tuwita, sauti ya buge ta ya koma bututu ya sake dawowa. Ga iskar da ta kulle a ƙarƙashinta, kowane bugun bas sai ta matsa mambaran tuwita ta maƙogwaro. A yanke ta da reza a hankali, lasifikar na kife don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. A sa ƙyalle mai huda a madadinta. Gwajinsa: ɗora shi a baki ka hura, in iska ta wuce ba tare da ka yi nishi ba, ya yi. Gam a gefe kawai, siririn zobe, kada ya jiƙa tsakiyar ƙyallen ya toshe hudojin.

Nutsewar wuya kuwa abu biyu ke kawo ta. Ko sifaida ta saki, wato wannan rawayan ƙyalle mai ninki-ninki da ke riƙe bobin, ko kuma tun wajen ɗauri aka zaunar da bobin ƙasa da inda ya dace. Zafi da ajiye akwati fuska sama wata da watanni na sa sifaida ta zube, shi ya sa a ɗaki a tsaye ake jingine su. Kowanne ne, illar biyu ce. Matakalar da Injiniya ya faɗa ta zama ta dindindin, sannan bobin ba ya tsakiyar ramin maganaɗisu, zai fi tafiya ɓangare ɗaya, ya riga ɗan'uwansa fita rami. In nutsewar ta wuce milimita ɗaya, sake ɗauri ne, babu wata dabara.

Wajen sake ɗaurin a kula da waɗannan. Takardar koksiyal ba a musanya ta da kowace inci 12 da aka samu a kasuwa. Zurfinta da lanƙwasarta su ne siffar ƙahon, wadda ta fi zurfi ko ta miƙe sosai za ta sauya sautin tuwita ko da ba ta motsi. A tafi da tsohuwar a gwada, ko a aika da awonta Sabon Garin Kano: faɗin wuya, zurfi daga baki zuwa wuya, da irin leɓen. Leɓen ƙyalle mai ninki ya fi na roba mai tudu, don tudun nan shi ma yana karya siririn sauti a baki. Takardar jikin bobin kada ta yi tsawo ta zarce wuya, a datse ta daidai da yadda ta asali take. A tokare bobin da yankakken fim na hoton asibiti guda huɗu ko shida kewaye da bututu, a daidaita tsayinsa yadda waya za ta fito daidai sama da ƙasan ramin, a tabbatar wuya ya yi kai ɗaya da bakin bututu ta hanyar goga farce, sannan a sa gam. Kada a zare fim ɗin sai gam ya kwana.

Tunda an buɗe, a share ramin maganaɗisu. Ƙurar hunturu na ɗauke da garin ƙarfe, maganaɗisu na tara shi, kuma koksiyal ta fi kowace lasifika shaƙarsa. Naɗe salatif mai takarda gam na waje a jikin fim, ka zagaya ramin da shi har ya riƙa fitowa fari. Haka ramin tuwita ma, bayan an cire mambaran. Kada a hura iskar kwamfuresa ta maƙogwaro mambaran na ciki, zai lotsa. Ƙura a rami na ba da wani ƙaiƙayi da ke bin bas, mutum ya rantse tuwita ce.

Filta ma a duba ta. In babban bobin na wufa da ƙaramin na tuwita suna kwance kusa da juna fuska ɗaya, sun zama taransifoma, abin da ke bi ta babban yana tsallakawa ƙaramin. A tayar da ɗaya a tsaye, a raba su da santimita 5 ko fiye. A ɗaure su da kyau, a matse kusoshin tuwita huɗun nan na baya, don girgizar akwati na kwance su.

Ɗan Tudun Jamus ya rubuta:

Gafara dai manya, in ɗan tsoma baki a kan ta mota, don masu karatu da yawa ita suka sani. Koksiyal inci 6 da rabi ko 6 da 9 ta ƙofar mota, tuwitarta a kan sanda take a gaban takarda, ba takardar ce ƙahonta ba, saboda haka matakalar can ba ta shafe ta sosai. Nata ciwon daban. Sautin tuwita da ya zagaya baya yana bugun takardar da ke motsi ya dawo, sandar kuma in ta yi sako-sako tana karkarwa da bas. Mafi yawansu ba su da filta sai kwandansata ɗaya, 3.3 ko 4.7 µF. A om 4, 4.7 µF sai wajen 8 kHz take sakin tuwita sosai, ma'ana takardar ce ke ɗauke da kusan duk muryar, har can sama. Lissafin Malamin Fizik ya nuna abin da zai biyo baya: a 4000 Hz tafiyar milimita 2 kaɗai na ba da kashi 7 cikin 100. Kuma ƙofar mota ba akwati ba ce, ba abin da ke tokare takardar.

Masu sa kwandansata 400 µF a jere don yanke bas a 100 Hz, lissafin daidai ne a takarda, amma a inda lasifikar ke amsa kuwwar kanta om ɗinta na hawa ninki da yawa, kwandansatar ba ta tare komai a wurin. A yanke daga rediyon ko ampuli, 80 zuwa 100 Hz, shi ne mai aiki.

Injiniya Zango ya rubuta:

Baba ya gama da akwati na biyu, a yi abin da ya ce kafin a taɓa saiti. Ga saitin.

In babu sab: filta mai yanke ƙasa a gaban ampuli, mai gangaren 24 dB, a 60 Hz tunda raminka a 65 yake. Ikwalaiza kada a ɗaga komai ƙasa da 100 Hz. Wurin da takardarka za ta fi tafiya yanzu shi ne 85 zuwa 100 Hz, can sama da ramin kaɗan, to in kaushin bai gama tafiya ba rage 3 dB a nan, tafiyar ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Maɓallin bas na miksa a bar shi a tsakiya, shi yana ɗaga har abin da akwatin ba ya iya fitarwa.

In an samu sab, ko inci 15 ɗaya ne: a raba a 120 Hz, da filta irin Linkwitz-Riley mai gangaren 24 dB ɓangaren biyu. Wannan shi ne gyaran gaske. Ampulin koksiyal ma ya huta, bobin ya daina gasuwa. Jan ƙarfe na ƙara juriya da wajen kashi 39 cikin 100 in zafinsa ya ƙaru da digiri 100, kuma in haka ta faru wufa na yin ƙasa, mahaɗar filta ta goce, tuwita ta fito zaƙe-zaƙe. Shi ya sa sauti kan ƙara tsini in dare ya yi nisa a wurin biki.

Kowane mikro na murya a danna masa maɓallin yanke ƙasa, 80 ko 100 Hz, a sa masa soso. Iskar "b" da "f" daga baki, da iskar fili, da motsin hannu a jikin mikro, duk suna tura takarda nesa ba tare da an ji wani bas ba. A wa'azi ko sanarwar masallaci, inda babu kiɗa, wannan kaɗai ne ke kaɗa ta. In akwatunan a gaban mawaƙi suke don ya ji kansa, kada a aika masu ganga da bas ɗin piyano sam, a yanke su a 130.

Wasu koksiyal maganaɗisu ɗaya ke ciyar da ramin wufa da na tuwita, wutar bas mai yawa kan ɗan girgiza ƙarfinsa, tuwita ta ji a jikinta. Masu kyau ana sa masu zoben alminiyam ko jan ƙarfe a ciki don kashe wannan. Ba a ƙara shi daga baya, amma rage wutar bas na rage shi shi ma.

Jar fitilar da ka ce tana kamawa jefi-jefi, kada ta kama ko kaɗan. Auna wutar a inda take shiga ampuli lokacin da bas ke bugawa, ba a bakin gurup ba. In tana sauka ƙasa da 200, a gajarta wayar ko a sa mai kauri, milimita murabba'i 2.5 zuwa sama.

Wajen kafa akwatunan kuma, kada ka saita cibiyarsu cikin kunnen mutane kai tsaye. A koksiyal, duk sautin da ya karye a leɓen takarda yana haɗuwa ne a kan layin tsakiya, don zagaye yake, nisansa ɗaya ta kowane gefe. Karkatar da su digiri 10 zuwa 15, layukan biyu su gitta juna a gaban sahun farko. In ka sake gwajin 85 Hz da 7 kHz bayan gyaran Baba, ajiye mikro a wannan kusurwar, ka sa alamar alli a ƙasa don awon akwatunan biyu ya zama a wuri ɗaya.